Rim Na Biyar A Motar Yaya Sahabi

Shekara tara ke nan cif, a wannan damina, da muka kai Yaya Sahabi makwancinsa a Tambuwal. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har na gama makaranta na samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Direba ne. Ya fi shekara ashirin yana jan akori-kura tsakanin Tambuwal da Kebbe, ya kai taki da gishiri da mutane, ya ɗauko gero da dawa da wake. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo nakan yi sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Akwai abin da na ɓoye tun kafin ya rasu, ban faɗa wa matarsa ba, ban faɗa wa 'ya'yansa ba sai bana, kuma abin ya shafi yadda ya mutu.

Bari in fara da mutumin kansa, don kada laifina ya rufe shi.

Duk wanda ya san tashar Tambuwal a wancan lokaci ya san Yaya Sahabi da sifana a hannu. Kafin ya tada mota da safe sai ya zagaya ta, ya durƙusa gaban kowace taya, ya ƙwanƙwasa rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, ya karkata kai yana saurare. Daga nan ya bi notuna da yatsa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan tasha sukan ce Sahabi ba ya tashi sai ya gaida tayoyinsa ya tambaye su kwanan iyali. Ba ya kula su. Fasinja ma sun sha yi masa ƙorafi, domin da zarar an bar kwalta an shiga hanyar Kebbe, akwai wata tsamiya da ba ya wucewa. Zai tsaya, ya sauka, ya sake ɗaure notuna, musamman idan an taɓa kwance taya a wannan mako. Ya ce noti yakan saki jiki bayan an ɗan yi tafiya, kuma hanyar Kebbe ba ta yi wa kowa kara. Ni kaina na sha zama a gaban motar ina tsaki, ina duba agogo, alhali babu inda zan je da ya wuce gidan surukaina.

Ni ne na kawo rim ɗin alminiyam cikin rayuwarsa, irin wanda mu a nan muke ce wa dalma. Motarsa da rim na baƙin ƙarfe ta zo daga kamfani, munana, duk sun sha guduma. A shekarar da aka ƙara mini girma a ofis sai na ga ya kamata duniya ta san Sahabi yana da ƙane. Na tafi Sakkwato na sayo masa guda biyar, huɗu na tafiya ɗaya na safaya, masu ƙyalli, masu faɗi, irin waɗanda ake sa wa motocin shiga daji. Na sauke su a ƙofar gida da rana tsaka don maƙwabta su gani.

Ya daɗe yana kallonsu. Na san ba su kwanta masa ba, domin ya sha gaya mini cewa baƙin ƙarfe idan ya daki dutse lanƙwashewa yake yi, ka sa guduma ka miƙe shi ka isa gida, shi kuwa dalma tsagewa yake yi, wani lokaci ma a inda ido ba ya gani. Amma bai kunyata ni ba. Ya yi godiya, ya sa mini albarka, sa'an nan ya yi abin da ya iya. Ya ƙirga ramukan noti ya ga shida ne kamar na motarsa. Ya gwada ramin tsakiya ya tabbatar ya zauna daram a kan ƙafar mota, babu girgiza. Ya ce tsofaffin notuna ba za su yi ba, domin mazaunin noti a dalma daban yake, sai da aka nemo masu dacewa. Bayan wannan duka ya ɗauko igiya ya rataye kowane rim a reshen darbejiyar ƙofar gida, tun ba a ɗora masa taya ba, ya ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayyen rim yakan yi ƙara doguwa, tas, ta daɗe a kunne. Mai tsagewa kuwa ƙararsa gajera ce, a dushe. Duka biyar suka yi ƙara mai kyau.

"Ƙarfe bai ɓoye ciwonai, Nasiru," in ji shi. "Sai dai in ba ka tambaye shi ba."

Da suka zama nasa, ya riƙe su fiye da yadda ni mai sayen zan iya. Matarsa, Yaya Kulu, ta taɓa ɗaukar toka da yashi za ta dirje su yadda take dirje tukwanenta, da kyakkyawar niyya, tunda ai dalma dalma ce. Ya fito da sauri ya riƙe hannunta. Ya ce ruwa da sabulu kawai, da tsumma mai laushi, kuma ba a wanke su suna da zafi. Har ta koma ga dariya tana cewa ita ko kayan ɗakinta ba a lallaɓa su haka. Duk ranar da ya yi dakon takin zamani ko ya ɗauko shanu, ba ya barin mota ta kwana ba a wanke ƙafafunta ba, domin taki da fitsarin dabba suna cin dalma. Da damina yakan zura hannu ta bayan rim ya ƙwaƙule laka, ya ce idan ta bushe a gefe ɗaya ita ke sa sitiyari rawa. A yashi yakan rage wa taya iska, da ya hau hanya mai tauri ya mayar.

Wani lokaci nakan tsaya a bakin tasha yanzu in yi tunanin abin da zai ce da ya ga yadda ake yi. Motocin sun ƙaru, rim masu ƙyalli sun cika gari, wasu har sun leƙo waje sun wuce jikin mota, matasa na ganin ado ne, ba su san ƙafar mota ce ke shan wahalar ba. Masu faci sun samu injin ɗaure noti mai aiki da iska, su bi notuna a jere, firr firr, cikin minti ɗaya an gama. Shi kuwa ba ya ɗaure noti biyu maƙwabta a jere. Idan ya ɗaure wannan sai ya tsallaka na gabansa, a hankali, zagaye biyu ko uku, don rim ya zauna daidai. Ba ya shafa wa kusoshin da noti ke hawa mai, ba ya hawa kan sifana da ƙafa. Ina jin da zai tsaya ya kalle su, ya girgiza kai, ya nemi a ara masa sifana. Ba mai yawan wa'azi ba ne. Ni ne na gaji surutun gidanmu duka.

Kusan shekara biyu rim ɗin suna aiki lafiya. Ran nan da bazara, wajen wankewa, yatsansa ya ji wata siririyar tsagewa a bayan rim na hagu na gaba. Ya sa aka cire tayar, ya rataye shi a darbejiya, ya ƙwanƙwasa. Ko ni da ban san komai ba na ji bambancin. Ya ɗora safaya a gurbinsa, ya miƙo mini mai tsagewar ya ce in kai wa masu zuba tukwane na bayan kasuwa, su narkar da shi, aikinsa a mota ya ƙare. Ya ce kada a kai shi wurin walda, domin dalmar da ta sha wuta ba ta komawa yadda take.

Abin ya yi mini zafi, kuma zan faɗi gaskiyar dalili. Ba asara nake ji ba. Kyautata ce, wadda duk unguwa ta gani, a ce ta ƙare a kan murhu ana tuƙa tuwo a ciki. Na ce masa ya bar mini, zan nemo masa wani irinsa daga Sakkwato. Na je na zaga kasuwar kayan mota kwana biyu ban samu mai irin zanensa ba. Akwai wasu da za su shiga motar sarai, amma ba su yi kama da sauran huɗun ba, ni kuwa kamar nake nema. A ƙarshe na kai mai tsagewar wurin wani mai walda, wanda bai san ko na wace mota ne ba, bare wace hanya za ta bi. Ya liƙe shi, ya goge, aka fesa masa fenti ruwan azurfa, ya fito kamar sabo. Sai na sa aka ɗora masa taya aka ba ta iska tun a can. Na san abin da nake yi. Na san idan ya zo da taya a kansa, ba za a rataye shi a darbejiya ba.

Ranar kasuwar Kebbe na kawo shi, da safe, Yaya yana kan mota yana ɗaure buhuna, fasinja suna jira. Ya leƙo daga sama ya dubi rim ɗin, ya dube ni.

"Ka ƙwanƙwasa shi?"

"Na ƙwanƙwasa, Yaya."

"To, madalla. Ɗaure shi ƙasa."

Da hannuna na ɗaure shi a ƙarƙashin mota, wurin safaya. Mutumin da bai taɓa yarda da rim ba sai ya ji ƙararsa da kunnensa, ya yarda da wannan saboda ni na faɗa.

Wata huɗu ya yi yana yawo da shi. Duk Jumma'a bayan an sauko daga masallaci a gidansa nake cin tuwo, al'adarmu ce tun ina saurayi. Jumma'a nawa ke cikin wata huɗu, kowa ya sani. A kowace ɗaya nakan ce yau zan faɗa masa, sai in gan shi yana wasa da 'yarsa Asma'u, ko Yaya Kulu ta fara tsokanata da Malamin ofis, in ce sai wani mako. Na riƙa lallashin kaina cewa safaya ce kawai, ƙila har mota ta tsufa ba a taɓa ta ba.

Da damina ta yi nisa, yana dawowa daga Kebbe da lodin dawa da mutum uku, tayar gaba ta yi faci. Ana yayyafi, ga hadari ya haɗo, ga wani rafi a gabansu da ba a so ruwa ya riga su isa. Ya sauke safaya ya ɗora. Waɗanda ke tare da shi sun ce har a cikin yayyafin bai fasa tsallaka notunansa ba. Ba su yi nisa ba, a wata gangara, ƙafar ta daki rami, rim ɗin ya rabe. Motar ta kife. Mutum ukun sun tsira da raunuka, shi kuwa sitiyari ya danne masa ƙirji. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, ya kwana biyu.

Ina gefensa a kwana biyun. Yana magana kaɗan-kaɗan. Ya ba ni amanar yara, ya ce in riƙa leƙa gidan, ya ce in yafe masa idan ya taɓa tsananta mini lokacin da nake yaro. Bai ambaci rim ba ko sau ɗaya, ni ma ban ambata ba. Bayan sadakar uku na hau babur ni kaɗai na je inda abin ya faru, ina neman guntayen rim ɗin. Ban same su ba. Na ce masu tsintar ƙarafa sun kwashe. Kuma wallahi abin da na ji a lokacin sauƙi ne, domin babu sauran shaida. A duk abin da na aikata, wannan sauƙin ne ya fi ba ni kunya.

Mutane suka ce ajali ne, kuma ajali ne, ban taɓa shakka ba. Amma sanin haka bai taɓa sauke mini nauyin abin da bakina ya faɗa a safiyar nan ba. Na riƙe yaran iyakar iyawata. Na aurar da Asma'u, ƙannenta biyu suna makaranta. Ana yabona a gari, ana cewa Sahabi ya bar ƙane na gari, ni kuwa duk yabon yana sauka a kaina kamar zagi. Ban daina zuwa tuwon Jumma'a ba, domin idan na yi fashi Yaya Kulu aike take yi. Shekara tara ina zama a tabarmarta ina cin abincinta, ina tsoron ranar da za ta san wanda take ciyarwa. Abin da nake tsoro shi ne ta rufe mini ƙofar gidan, yaran su daina kirana Baba.

Jumma'ar da ta wuce na je kamar kullum. Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka ta ajiye, na zauna ina kallon kwanon ban sa hannu ba.

"Mi as same ka, Malamin ofis?" in ji ta. "Ko miyar ba ta kai ta gidanka ba?"

Na ce mata ta zauna, akwai magana. Na faɗa mata duka, tun daga darbejiya har mai walda, har tambayar da ya yi mini daga kan mota da amsar da na ba shi. Ban ɗaga kai ba har na gama. Na ce duk hukuncin da ta yanke na karɓa, ita da yaran.

Da ta yi magana muryarta ba ta canza ba.

"Na sani, Nasiru. Tun asibiti nis sani."

Sai ta ba ni labarin abin da ban sani ba. Lokacin da motar ta kife, rabin rim ɗin ya faɗi kusa da inda yake kwance, ya ga layin waldar da idonsa, fenti ya ɓare daga kai. Ya roƙi ɗaya daga cikin fasinjan ya tattara guntayen a buhu ya kai wa iyalinsa, kada ya nuna wa kowa. A asibiti, sa'ad da na fita sayo magani, ya kira ta kusa ya gaya mata.

"Yac ce kak a gaya maka, sai ran da ka faɗi da bakinka. Yac ce kai so kay yi ka burge shi, shi ko ya san aikinai, shi yaƙ ƙi ƙwanƙwasawa. Yac ce in ka san mun sani, kunya za ta hana ka shigowa gidan ga, ɗiyanai su rasa uba biyu."

Na tambaye ta ko ita ta yafe. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, shekarar farko idan ta ji sallamata zuciyarta tafasa take yi, takan shiga ɗaki ta yi kuka kafin ta fito da tuwo. Ta yi ne don ya ce ta yi. Daga baya, in ji ta, ta ga yadda nake ramewa duk damina, ta ga yadda nake da yaran, sai abin ya sake ta a hankali. Ta ce ta daɗe da yafewa, jira kawai take yi in zo in karɓa.

Na ce, guntayen fa, ina suke? Ta tashi ta shiga madafa ta fito da tukunyar da ta tuƙa tuwon, wata babbar tukunyar dalma da na sha gani a kan murhunta ban taɓa kula da ita ba. Ta kwashe sauran tuwon, ta ɗauraye ta, ta ajiye a gabana. Ta ce bayan ta fita takaba ta aika da buhun ga masu zuba tukwane na bayan kasuwa, kamar yadda ya ce tun farko a yi. Tukunya biyu ta fito. Ɗaya tana ɗakin Asma'u, ni da kaina na ɗora ta a mota ranar kai kaya. Wannan kuwa ba ta girki da ita sai ranar Jumma'a.

Motar ta daɗe da tafiya, an sayar da ita ga masu kwance ƙarafa. Tsamiyar hanyar Kebbe tana nan, kuma na ji ana cewa akwai direbobi biyu ko uku, cikin waɗanda suka yi zamani da shi, da har yau ba sa wuce ta sai sun sauka da sifana. Da a da ne, da na ce wannan shi ne abin da ya bari, hannu mai kula da kunne mai saurare. Yanzu na san ya bar abin da ya fi haka. Yana kwance ƙirjinsa a murƙushe, ya san wanda ya yi masa ƙarya, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda zan ci gaba da shiga gidansa. Na nemi izinin Yaya Kulu kafin in rubuta wannan, na kuma zauna da yaran na faɗa musu da bakina. Ga masu mota kuwa roƙona ɗaya ne: rim ɗin dalma idan ya tsage, a kai shi wurin masu tukwane. Allah Ya jiƙan Yaya Sahabi, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini.

Kafin in tashi a ranar, Yaya Kulu ta ɗaga tukunyar ta kunnenta ɗaya, ta miƙo mini ludayin ƙarfe.

"Ƙwanƙwasa, Nasiru."

Na ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito doguwa, tas, ta daɗe a tsakar gidan. Muka saurara har ta ƙare. Sai ta turo mini kwanon ta ce in wanke hannu, tuwo ya huce.